Kakin Zuma a Hancin Bindiga

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya halicci kusa ya halicci nesa, ya ba ido gani ya kuma yi masa iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ne Mantau ɗan Jatau, maharbi ɗan maharbi, wanda ya ƙetare koguna da yawa bai sha ruwan ko ɗaya ba sai da ya ga karensa ya sha. Ga labarin tafiyata zuwa Birnin Kantu, can inda ƙasa ta ƙare gishiri ya fara, da abin da ya same ni wajen neman yayana Ƙosau.

Mu mutanen gidan Jatau ba mu da saurin yarda. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to mu da wannan zunubin aka yaye mu. Mahaifinmu ko fura aka kawo masa, sai ya ji wa ya dama. Ita kanta bindigar da ke ci da shi bai yarda da ita ba. Duk farkon rani sai ya ɗebe mu, ni da Ƙosau, ya kai mu bayan gari, ya jingina tsohon faifai a jikin suri, ya ɗiga masa gawayi a tsakiya. Albarushi da ƙahon awo ɗaya yake auna shi kullum, harsashin dalma iri ɗaya, tsumma iri ɗaya, ya danna da sandar ɗuri yadda ya saba, don kada ya canja abu biyu a lokaci guda ya rasa wa zai zarga.

"Nisa uku ne," in ji shi. "Akwai nisan ido, inda kake ganin farin idon mutum. A nan harsashi da zafinsa, yakan ɗan hau, sai ka sauke baki. Akwai nisan fuska, inda kake gane ko wane ne. A nan ido da harsashi suke haɗuwa. Akwai nisan riga, inda ba ka gane komai sai launin tufa. A nan harsashi ya gaji, sunkuyawa yake yi, sai ka ɗaga masa."

Dabba kuwa ba ta sa riga, don haka ya koya mana awo da babban yatsa. Ka miƙe hannu, ka rufe ido ɗaya. In yatsa ya rufe rabin ɓauna, tana nisan fuska. In ya rufe ta duka, ta kai nisan riga. Duk maharbin da na sani a duniya da wannan awon yake aiki.

Akwai kuma ɗan tsinin ƙarfe a kan bakin bindiga wanda ake saiti da shi, a gidanmu hanci muke ce masa. Baba yakan ce in an goge shi ya gajarta, bakin bindiga ya ɗaga ke nan, kuma bindigar da ta tsallake faifai da kamu guda a nisan fuska, ita ce ke zama daram a nisan riga. Sai ya murtuke ya ce, "Ka ba mutum aron rigarka, ka ba shi aron takalminka, amma duk wanda ya taɓa hancin bindigarka ranka yake nema."

Bayan rasuwar Baba, Ƙosau ya ji labarin wata Farar Ɓauna a Birnin Kantu wadda ta gagari maharba, ya saɓa bindiga ya tafi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, shiru kake ji. Sai wasu fataken gishiri suka ce mini sun gan shi da idonsu a cikin ramin haƙar gishiri, wai ya harba ya kuskure, aka mai da shi bawa. Ban yarda da su ba, don yayana bai taɓa kuskure abu mai girman akuya ba, balle ɓauna. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ɗauki bindigata, Tari-Ɗaya, na bi hanyar da ya bi.

Farkon abin da ya tare ni Baƙin Gulbi ne, kogin da ruwansa ya yi kama da na marina. Mai fito ya tarbe ni da fara'a, ya ce, "Maharbi, aljanin ruwan nan ba ya son warin albarushi. Bindiga a ƙaramin kwalekwale take ƙetarewa ita kaɗai, kai kana babba." Na dubi ƙauyensu, masunta ne kaf, amma kowace bukka da bindiga rataye a ƙofa. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Na ce masa bari in kewaya. A bayan wata bukka na tarar da tsohuwar taɓarya, na zura ta cikin gidan fatar bindigar, ita kuwa Tari-Ɗaya na naɗe ta cikin tabarmata. Muna kaiwa tsakiyar ruwa ƙaramin kwalekwale ya kife, mai fito ya ɗora hannu a ka yana salati yana ba ni haƙuri. Da muka taka tudu na warware tabarma a gabansa, na ce Allah ya jiƙan taɓarya. Ina hawan gaɓa na hango wani ya ɓullo daga ruwa da ita a hannu, yana jujjuya ta.

Daga nan na shiga wani kurmi inda ganye ɗaya ya isa ya rufe ɗaki, tsakar rana kamar almuru. A ciki akwai mutane masu ɗibar zuma waɗanda ba su taɓa sauka daga kan itatuwa ba, saboda wata damisa mai wutsiya biyu. Ni da ita muka yi kiciɓis a nisan ido. Na sauke baki na auna haɓarta, harsashi ya shiga goshi. Mutanen suka sauko suna taka ƙasa kamar masu koyon tafiya, suka cika mini gora da zuma, suka ba ni curin kaki. Zumar sai da na ga sun lasa na lasa, kakin kuma na jefa a jaka.

Na yi ta tafiya har itatuwa suka ƙare, ciyawa ta ƙare, ƙasa ta koma fara fat. A tsakiyar wannan farin ne Birnin Kantu yake. Ganuwarsa da gidajensa da masallacinsa duk da kantun gishiri aka gina su, awaki suna lasar bango, mutane suna ɗaura baƙin ƙyalle mai shara-shara a ido saboda haske. Rijiyoyinsu duk ɗaci. Ruwan daɗi ɗaya ne a ƙasar, wani marmaro a can cikin fagen gishiri, kuma siririyar hanya ɗaya ce ke kaiwa gare shi, hagu da dama ɓawon gishiri ne a kan laka mai haɗiye raƙumi. A bakin marmaron Farar Ɓauna take tsayawa. Mata sai sun faki idonta suke satar ruwa, kuma ba duk wadda ta tafi ke dawowa ba.

Tun daga ƙofar gari wani mutum mai taushin murya ya tarbe ni, Magajin Rami, wanda ramukan gishiri ke hannunsa. Ya karɓi jakata da kansa, ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo ruwan marmaro cikin ƙoƙo, a garin da ake yi wa ruwa rowa. Na ce da walakin, goro a miya.

"Sannu da zuwa, baƙona," in ji shi. "Ai tun daga tafiyarka na san Allah ya kawo mana mai raba mu da wahala."

"Ranka ya daɗe, tafiya ba ta harbi. Yaya ƙa'idar take?"

Ya zayyana mini. Bindigar baƙo a maƙera take kwana. Albarushi da harsashi a hannun Magaji suke zama, ranar harbi a ba mutum ɗuri ɗaya. Ba a tashin bindiga a ƙasar sai daga kan Dutsen Harbi, don in an matsa kusa da haka ɓaunar tana jin ƙanshin mutum. Wanda ya kuskure ya fusata ta, ta hana ruwa kwana da kwanaki, saboda haka zai biya da ƙarfinsa a rami har mutuwa. Wanda ya kashe ta kuwa, a sakar masa duk maharban da ke ramin.

Na ce na ji na yarda, amma a maimaita alkawarin a kasuwa, gaban mata masu ɗibar ruwa. Ya yi dariya ya ce ai baƙon nasa akwai tsantseni, aka je aka maimaita. Sa'ad da ake ƙwace mini kayan ɗuri na yi tari na rufe baki, harsashi ɗaya ya koma cikin kumatuna.

Maƙerin sunansa Tunau, ƙato ne baƙi mai murtukakkiyar fuska, ya fara furfura. Na yi sallama bai amsa ba sai da kai. Ya fizgi Tari-Ɗaya daga hannuna, bai dubi adon da ke gindinta ba, bai dubi ƙanƙararta ba, hancinta ya zuba wa ido, har ya shafa shi da yatsa. Na ji kamar ƙwayar idona ya taɓa. Da muka fito Magaji ya rage murya ya ce, "Ba ya magana da maharba, ya dafa uwar maƙera ya rantse. Ni dai ba na son in ɓata mutum, amma ka riƙa duba kayanka, baƙona."

Na roƙi a nuna mini yayana. Aka kai ni bakin wani rami mai faɗin kasuwa, mutane a ƙasa suna sara da gatari, gishiri ya cinye musu ƙafafu. Na ƙwala kira. Wani ramamme ya ɗago yana juya kai yana neman inda muryar take, ya dubi gefen da ba na nan. A nan na gane hasken gishiri ya cinye idon Ƙosau, mutumin da ke hango gada tun kare bai ji ƙanshinta ba. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba.

"Mantau ne?" ya ce. "Wa ya ce ka zo? To tunda ka zo, duba hancin bindigarka! Maƙerin nan mugu ne, yana goge shi!"

Na waiwaya in ga ko dogarai za su toshe masa baki. Ba wanda ya motsa. Magaji yana tsaye yana girgiza kai kamar mai tausayi, amma gefen bakinsa da saura murmushi. Wannan murmushin ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi, sai dai fushin maƙeri ya fi ƙarfi a lokacin.

Yanzu damuwata ɗaya ce, in gwada Tari-Ɗaya kafin ranar harbi, a ƙasar da aka hana tashin bindiga. Ana cikin haka wani tsohon maharbi ya rasu a ramin. Na je wurin Magaji na ce, "Ranka ya daɗe, a al'adarmu ba a rufe maharbi sai bindiga ta yi masa ban kwana. In ba a yi ba, hannun duk maharbin da ke garin yakan mutu. Ni dai na faɗa." Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma a hanya na ƙera ta. Ya ce a ba ni albarushi, ban da harsashi.

Aka kawo bindigar maƙabarta. Kallo ɗaya na yi mata na ga aikin magagari, an rage hancin an shafe wurin da baƙin tukunya. Na auna albarushi da ƙahona, na sunkuya kamar mai addu'a, na tofa harsashin kumatuna cikin tsumma na danna. Akwai wani tarin kantu a nisan fuska, ɗaya daga ciki da baƙin tabo, bayansa bangon ganuwa. Jama'a suka toshe kunne suka runtse ido, ni kuwa na ɗora hanci a kan tabon na ja kunama. Gishiri ya tashi a jikin ganuwa, sama da tabon da kamu guda cif. Bindigar da tun ina saurayi ba ta taɓa tsallake faifai a wannan nisan ba.

Na nufi Tunau a cikin taro, na nuna masa hancin, na ce, "Baba maƙeri, me na yi maka? Me yayana ya yi maka?" Ya dube ni, ya dubi Magaji, jijiyar wuyansa ta tashi, ya juya ya tafi.

Magaji ya dafa kafaɗata. "Ka gani ko? Riƙe kayanka a wurinka, baƙona, na ɗage maka ƙa'ida. Gyara ta yadda ka san ta."

A masaukina na ciro kakin mutanen kurmi, na murza shi da yatsa har ya yi laushi, na ɗora a kan hancin, na yi ta ƙarawa ina ragewa har ya koma tsawon da idona ya sani. Na shafe shi da gawayi. Na ce to, maƙeri, kifi na ganinka mai jar koma.

Ranar harbi da hantsi gari ya fito kaf. Mata suka jeru da tulunansu babu ko ɗigo, aka fito da maharban rami a ɗaure don su ga wanda zai ƙaru a cikinsu. Na hau Dutsen Harbi, Magaji yana biye da ni da ɗurin nan ɗaya. Gabana fari ne shimfiɗe har ƙarshen gani, ba itace, ba dutse, ba ko karan ciyawa. Can sai ga ta ta fito daga bayan marmaro, fara sol saboda gishirin da ya daskare a jikinta, ta tsaya ta ba ni gefe. Iskar wurin garau take, har ƙahonta nake gani da kunnenta yana kaɗawa.

Na miƙe hannu na rufe ido ɗaya. Yatsa ya rufe rabinta. Nisan fuska.

"Ga ta nan kusa," in ji Magaji a kunnena, "kamar ka miƙa hannu ka shafa."

Na ɗura, na durƙusa, na ɗora bindiga a kan dutse, na sa hancin kaki a bayan hammatarta. Abu ya yi sauƙi, kuma sauƙin ne ya dame ni. Yaya aka yi Ƙosau ya kuskure wannan? Yaya aka yi maza cike da rami, kowanne gwani a garinsu, suka kuskure abin da mai koyo zai samu? Na janye yatsa daga kunama na sake dubawa. A kan gishirin, tsakanina da ita, na ga ɗigo-ɗigon baƙi inda harsasai suka fasa ɓawo laka ta fito. Ba ko ɗaya a bayanta, ba ko ɗaya a gefe. Dukansu a gabanta suka faɗi, kusan a layi ɗaya.

Ina cikin wannan sai ga balbela ta sauko ta sauka a gadon bayanta. Ni kuwa na san balbela, tun ina yaro nake ganinta a kan ɓauna kamar kaza a kan turmi. Wannan da ƙyar na gan ta, kamar ƙwayar shinkafa a kan buhu. Balbela dai ba ta ƙanƙancewa. Ashe ɓaunar ce ta ninka 'yan'uwanta girma, tana tsaye can a nisan riga, fagen kuma ba abin da za a gwada ta da shi. Yatsan da muka gada kaka da kakanni, a nan ƙarya yake yi.

Na tuna gishirin da ya tashi a ganuwa, kamu guda sama da tabo, na tuna maganar Baba a gaban suri. Na tuna wanda ya fara ce mini in duba kayana, wanda ya bar Ƙosau ya yi mini gargaɗi, wanda ya ɗage ƙa'ida don in gyara. Na waiwaya. Tunau yana ƙasan dutse, idonsa a kan hancin bindigata, fuskarsa kamar ta mai zaman makoki.

Amma ni ɗan Jatau ne, ko wannan ban yarda da shi kai tsaye ba. Na ce bari in gwada mutum yadda ake gwada bindiga. Na sa farce na ɓalle kakin, na bar shi ya gangara a gaban Magaji.

"Kai! Baƙona, gyaranka ya faɗi!" Muryar nan mai taushi ta tsage. Ya sunkuya da babbar rigarsa yana lalube. "Tsaya, kada ka harba, ga shi nan, mai da shi!"

"Ranka ya daɗe, yaya aka yi ka san kaki ne gyaran? Ai na shafe shi da gawayi."

Na mai da kumatu kan bindiga, na ɗora gajeren hancin Tunau a bayan hammatarta, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce bismillah, na ja.

Tari-Ɗaya ta yi tarinta, hayaƙi ya rufe ni. Sai da na ƙifta ido kafin na ji saukar harsashi daga can, tim, kamar an doki buhu a gidan maƙwabta. Da hayaƙi ya yaye, balbela ta tashi, ɓaunar tana tsaye yadda take. Na ji Magaji ya saki numfashi. Sai ta taka sau ɗaya, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta kife, har dutsen da nake kai ya amsa.

Mata suka rangaɗa guɗa suka zuba a guje kan siririyar hanya. Suka yi ta gudu, suka yi ta gudu, suna ƙanƙancewa har suka koma kamar tururuwa, ba su kai ba. Maharban da ke ɗaure, masu sauran ido a cikinsu, suka bi su da kallo. Da dogon cikin samarin gari ya isa ya tsaya a gefenta, tana kwance ma kansa bai kai tozonta ba. Wani tsohon maharbi ya miƙe hannu ya dubi babban yatsansa, ya fashe da kuka.

Magaji ya fara cewa ai sai an zauna an duba maganar alkawari, don akwai gishirin da ba a gama haƙa ba. Bai rufe baki ba matan da suka ji alkawarin a kasuwa suka dawo da tuluna cike, suka kewaye shi. Tunau ya zo da guduma ya fasa marin da ke ƙafafun maharba ɗaya bayan ɗaya. Ban tsaya ganin ƙarshen Magaji ba, na dai hango an sauke shi cikin ramin an janye tsani.

Na kamo hannun Ƙosau muka bi Tunau zuwa maƙera. Ya buɗe wani ɗaki a baya, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya daɗe bai yi doguwar magana ba.

"Magaji ne ya sa ni rantsuwa," in ji shi. "Ya ce ba ni ba magana da maharbi muddin ɓaunar tana numfashi, in na karya, 'ya'yana su shiga rami. Ƙanwata tana cikin matan da ɓaunar nan ta kashe. Duk harbin da aka yi ina ƙasan dutse ina kallon inda ya faɗi. Baki an ɗaure, sai na ce bari hannu ya yi magana. Da Magaji ya gane, na zaci zai hana ni. Sai ya yi dariya ya ce in ci gaba, shi ya san maharba."

Ya nuna cikin ɗakin. Bindigogin mutanen rami ne jingine a bango, sahu guda, duk ya shafe su da mai. Na bi su ɗaya-ɗaya. Wannan an ɗora wa hancinta ƙaro, wannan an naɗa zare, wannan an liƙa ɓallin kwano, wannan danƙo. Kowane gwani ya gano abin da aka yi masa, kowanne kuma ya gyara da kyau.

"Kai ma ka gyara," in ji Tunau. "Da na ga baƙin nan a kan hancinta na ce shi ke nan, an ƙara ɗaya. Me ya sa ka cire?"

"Baba maƙeri, ban yarda da kai ba. Sai dai shi na fi rashin yarda da shi."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Can Ƙosau ya ce, "Mantau, miƙo mini tawa." Na gano ta da zanen da Baba ya yi mata a gindi, na sa masa a hannu. Ya bi ta da tafin hannu daga gindi har baki, kamar mai shafa kan ɗansa, yatsansa ya tsaya a kan hanci. Shi ma kaki ya sa, yana nan yadda ya ɗora shi, an daidaita shi tsaf, aikin ɗan Jatau. Ya daɗe yana murza shi. Sannan ya ɓalle shi, ya riƙe a tafin hannu, abu bai kai ƙwayar gero biyu ba.

"Wannan ne?" ya ce. "Wannan ne idona?"

Ya juya wajen da yake jin numfashin maƙeri, ya durƙusa, ya ce, "Baba, na zage ka a rami safe da yamma. Ka yafe mini." Tunau ya ɗaga shi, ya ce ai shi ma da an taɓa masa guduma haka zai yi.

Mutanen gari suka so in zauna in zama Sarkin Baka, na ce na gode, garin da ba a gane kusa da nesa ba wurin zamana ba ne. Tunau ya ce in bari ya ƙera wa Tari-Ɗaya sabon hanci, na ce a'a, a bar ta haka. Har yau gajere ne, in na zo nisan fuska sai in sauke baki kamu guda, kuma duk saukewar sai na tuna da shi.

Muka fito ta ƙofar da na shiga. Na zare sandar ɗurin bindigar Ƙosau, na riƙe kai ɗaya ya riƙe ɗaya, ina gaba yana baya. Da muka yi nisa ya ce, "Mantau, ina garin yake yanzu?" Na waiwaya, hannuna har ya fara miƙewa da yatsa, sai na sauke shi. Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Mu dai mu yi ta tafiya."

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, shi ma idon kun ji irin shaidarsa. Wanda ya yarda, Allah ya saka masa. Wanda bai yarda ba kuwa, ba na jin haushinsa, wataƙila danginmu ne.